Shekara Shida Bayan Sagir, Kira Ya Koma Yankewa a Hanyar Gumel

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanina Sagir. Da damina ya rasu, gero ya fara fitar da kai, yana da shekara talatin da shida a duniya. Ni ungozoma ce, ba marubuciya ba. Na haura shekara ashirin ina karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibitin ƙauye da ke gefen Maigatari, dab da iyakar Nijar. Abin da ya sa na roƙi wannan fili shi ne, tun da aka haifi Sagir har aka binne shi ba a taɓa buga sunansa a ko'ina ba, kuma da yawa cikin masu karanta wannan sun amfana da aikinsa ba su san ana yin irin aikin ba. Ina so in faɗi abin da ya yi, in kuma faɗi abin da ya faru da aikin bayan ransa. Kashi na biyun ba shi da daɗi, gara in sanar tun yanzu.

Mu shida ne a wurin mahaifiyarmu, ni ce ta fari, shi ne auta. Mahaifinmu mai awon hatsi ne a kasuwar Gumel, ya rasu Sagir bai gama sakandare ba, saboda haka rabin rainonsa a hannuna ya kasance. Mutum ne marar yawan magana, siriri, mai ɗan doro saboda sunkuyo a kan kwamfuta. Ya yi karatun lantarki, wani kamfanin waya ya ɗauke shi aiki a Kano, yana samun ci gaba yadda ake so. Da aka nemi wanda zai kula da ƙarafan sabis na yankinmu, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, babu wanda ya ɗaga hannu sai shi. Abokan aikinsa suka yi ta yi masa dariya, wai an taɓa barin birni a koma garin yashi. Shi kuwa Inna yake so ya zauna kusa da ita.

Inna ta daɗe ba ta gane aikin nasa ba. In maƙwabta suka tambaye ta sai ta ce gyaran waya yake yi, har mata suka fara kawo masa wayoyinsu da suka faɗa ruwa. Wata rana yana cin tuwo a ɗakinta ta tsare shi.

“Auta, wai kai me kake yi ne a wurin aikin nan? Ka faɗa min yadda zan gane.”

Ya ce, “Inna, kin ga ƙarafan nan dogaye da ke bakin hanya? In kina magana a waya, ɗaya daga cikinsu ne ke riƙe da maganarki. To in kina cikin mota, za ki yi nisa da shi, ki matso kusa da wani. Dole na farko ya miƙa wa na biyu kiran kafin ya kuɓuce masa. In ya miƙa da wuri, na gaba bai isa ya riƙe ba. In ya makara, kiran ya faɗi. Ni nake shirya musu lokacin da za su saki da wanda za su miƙa wa.”

Inna ta ce, “Kuma a kan wannan suke biyan ka?” Ya ce ƙwarai. Ta ce, “Allah ya yi albarka,” amma daga fuskarta ka san ba ta ɗauki abin a matsayin sana'a ba. Gaskiya ni ma a lokacin ban ɗauke shi da muhimmanci ba.

Asibitinmu ɗaki huɗu ne, babu likita. In haihuwa ta zo da gardama, abin da zan iya shi ne in tsayar da abin da zai tsayu, in sa mace a mota, mu nufi Gumel. Motar da muke ɗauka ta wani direba ce mai suna Malam Idi, dattijo mai haƙuri da ba ya ƙin kira ko yana tsakiyar gona. A tafiyar nan waya ita ce likitana. Nakan kira likitan da ke bakin aiki a Gumel, in faɗa masa abin da nake gani, ya faɗa min abin da zan yi, ya kuma shirya ɗakin tiyata kafin mu isa. Matsalar ita ce, akwai wani wuri bayan an bar ƙauyenmu kafin a hau titi, inda hanya ke karkata wajen wani tafki. Duk wanda ke magana, yana isowa nan kiran zai mutu. Bayan ɗan lokaci sai saƙo ya shigo da Faransanci yana yi maka maraba da zuwa Nijar, alhali ƙafarka ba ta bar Najeriya ba. Daga nan kuma in ka kira ba zai shiga ba sai ka yi tafiya mai nisa. Mun saba da abin har ba ma ƙorafi. Mun ɗauke shi kamar yashin hanyar, wato haka Allah ya yi wurin.

Wata rana na ɗauko wata mata da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. Likita yana tsakiyar faɗa min yadda zan ƙara magani a ledar ruwa, muka iso kwanar tafkin, muryarsa ta ɗauke. Na yi abin da na sani, Allah ya taimaka matar ta rayu. Amma ranar Juma'a da muka haɗu a gidan Inna, duk tsoron da na ji a motar nan na juye shi a kan Sagir. Na ce masa su ne ke cin albashi a kan sabis, ga shi an kusa rasa rai saboda rashin aikinsu. Na faɗi maganganun da bai kamata ba. Bai kare kansa ba. Sai da na gama ya ce, “Yaya, a daidai ina ya yanke?”

Na ce wajen tafki. Ya ce kafin tafkin ko bayansa, kuma ranar wace rana ce, don ranar Alhamis da ake cin kasuwar Maigatari ƙarafan wajen kan cika da masu kira. Na ce ban lura ba. Ya ce to zai zo mu duba tare.

Ranar hutunsa ya zo, da kwamfuta a cinya da wayoyi uku da ya ɗaure da roba a jikin wani katako. Malam Idi ya ja mu. Muka tafi, muka dawo, muka sake tafiya, a hankali, sannan da gudu. Sagir yana kallon wasu layuka da ke hawa suna sauka a fuskar kwamfuta, yana cewa, “Malam, tsaya nan. Ɗan koma baya.” Har la'asar muna abu ɗaya. Malam Idi ya kasa haƙuri ya ce, “Injiniya, ni dai ban ga abin da muke nema ba.” Sagir ya ce shi ma ba ganinsa yake yi ba, amma ya kusa kama shi.

Abin da ya gano ya ba ni mamaki saboda ƙanƙantarsa. Ƙarfen da ke riƙe da ƙauyenmu da ƙarfen da ke bakin titi ba su san da zaman juna ba. Ya ce kowane ƙarfe yana da jerin maƙwabtansa da aka rubuta masa, waɗanda zai iya miƙa wa kira, kuma wanda ya kafa na bakin titin ya manta bai sa shi a jerin na ƙauyenmu ba. Saboda haka waya sai ta maƙale wa na baya har sai ƙarfinsa ya ƙare, kiran ya faɗi. Tana faɗuwa kuma sai ta lalubi mafi ƙarfi a kusa, wanda a wannan kwana na Nijar ne, domin fili ne shimfiɗe babu abin da ke tare shi. In ta kama can, ba ta saurin dawowa. Na ce ashe gyaran minti biyar ne. Ya yi murmushi ya ce rubuta sunan maƙwabcin minti biyar ne, amma sai an sunkuyar da eriya ɗaya, an juya wata, an kuma daidaita ƙarfin da waya za ta ji kafin ta saki, don kada ta riƙa tsalle tsakanin ƙarfe biyu ta rasa na kamawa. Kuma duk wannan sai da izinin manyansa.

Izinin ya ci wata huɗu. Na san haka don a gabana yake rubuta musu. Amsar farko da suka ba shi ita ce mutanen wajen ba su da yawan da za a tura ma'aikata dominsu. Ya sake rubutawa, ya haɗa da taswirar hanyar, ya ce motar masu haihuwa ke bi ta nan. Aka yi shiru. Ya je Kano da kansa har sau biyu. Daga baya matarsa Rukayya ta faɗa min wani babbansa ya ce masa in yana son ci gaba ya daina damun mutane da zancen ƙauye. Bai taɓa gaya min wannan ba. A ƙarshe dai suka gaji suka sa hannu, ina jin don ya ƙyale su ne.

Ranar gwaji ba zan manta da ita ba. Ya ce in kira Inna tun daga ƙofar asibiti, kada in kashe sai mun shiga Gumel. Muka gaisa da Inna, ta tambayi yara, na tambayi ƙafarta, magana ta ƙare ba mu ko kai tafkin ba.

Inna ta ce, “To ke, ai mun gama. Sai kin zo.”

Sagir ya leƙo daga kujerar gaba ya ce, “Inna, kada ki ajiye. Ki yi ta magana, ko labarin awakinki ne.”

Haka kuwa aka yi. Inna ta ɗauko labarin akuyarta mai shiga gidan maƙwabta, da wadda ta haifi uku, da wadda aka sayar bara ta yi nadama. Ina sauraro ina kallon hanya. Muka shiga kwanar tafkin tana magana, muka fita tana magana, muka hau titi tana magana. Malam Idi ya dubi Sagir, Sagir yana kallon kwamfutarsa bai ɗago ba, amma na ga kunnuwansa sun motsa kamar yadda suke yi tun yana yaro in ya ji daɗi. Har ƙofar gida Inna na ba ni labarin awaki, na shiga na same ta zaune a tabarma da waya a kunne. Ta dube mu ta ce, “Yau kun sa na yi surutun da ban taɓa yi ba.”

Bayan wannan ya bi sauran hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an sa shi ba. Ya gyara wani wuri a hanyar Sule Tankarkar da direbobi suka daɗe suna kuka da shi, ya gyara wani kusa da Gagarawa Tasha inda masu kayan gwari ke rasa dillalansu a tsakiyar ciniki. Da wata ƙungiya ta kawo mana ƙananan kwamfutocin hannu na rubuta bayanan rigakafi, ta sa mana akwatunan intanet marar waya guda biyu, ɗaya a ofis ɗaya a ɗakin haihuwa, sai muka ga in ka fita daga ofis na'urar ba ta sakin akwatin ofis ko kana tsaye ƙarƙashin ɗayan, aiki ya tsaya cak. Ya zo da yamma ɗaya ya rage ƙarfin na ofis, ya daidaita su, ya ce ciwon iri ɗaya ne da na ƙarafan hanya, na'ura ba ta son sakin wanda ta fara kamawa sai an tura ta. Bai karɓi ko ruwa ba.

Na taɓa ce masa ya kamata mutane su san shi ne ya yi. Ya ce ai in aikin ya yi kyau babu wanda zai lura, mutum zai gama maganarsa ne kawai ya sa waya a aljihu. Abin da ya fi damunsa wani ne daban. Ya ce wannan aiki ba a gama shi. Iskar damina kan juya eriya, a kan kafa sabon ƙarfe, maƙwabtanmu na Nijar kan ƙara wa nasu ƙarfi, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya rushe abin da aka daidaita. Sai an samu mai shiga mota yana bi yana dubawa. Na ji maganar, amma ban auna nauyinta ba, domin a tunanina shi ne zai yi ta bi har ya tsufa.

Ciwon ƙoda ne ya kama shi. Ni da nake ma'aikaciyar lafiya, na ga ƙafarsa ta kumbura, ya ce min zaman mota ne, na yarda. Wannan yardar tana cikin abubuwan da ba na yafe wa kaina. Kafin a gane, ƙodojin sun riga sun tafi. Muka shiga zaryar Kano wankin ƙoda, wata bakwai. Ko a hanyar nan, yana kwance a kujerar baya, in ya ji kiran wani ya yanke sai ya ce a duba masa sunan garin da muke.

Kwana uku kafin ya rasu, da hantsi, ina shafa masa mai a ƙafa, ya ce min an kusa kunna wani sabon ƙarfe a wajen Maigatari, kuma in ba a sa shi cikin jerin maƙwabta yadda ya dace ba, hanyarmu za ta koma gidan jiya. Ya ce in kawo masa waya ya kira wanda aka ce zai riƙe masa aiki. Na hana shi. Na ce, “Sagir, ka bar zancen ƙarafan nan haka, ka yi ta kanka. Kamfani ba zai rushe don ba ka nan ba.” Ya dube ni ya ce, “To, Yaya.” Bai sake tayar da maganar ba. Ina ganin na kyauta masa a lokacin. Yanzu na san abu ɗaya da ya rage yana so ya yi ke nan a duniya, kuma ni na tare shi. Ya rasu ranar Talata bayan azahar, Inna na riƙe da hannunsa. Ita ma ba ta cika shekara biyu a bayansa ba.

Kamfanin ya aiko da mutum biyu ta'aziyya, suka yi addu'a, suka karɓi kwamfutarsa da wayoyin gwaji suka tafi. Ba a turo kowa a madadinsa ba. Abin da na ji shi ne an haɗe yankinmu da wasu, ana duba su duka daga wani ofis mai nisa, a kan allo. Shekara ta farko ban ga canji ba, ta biyu ma da sauƙi. Daga nan murya ta fara rawa a kwanar tafkin. Sai ta fara ɗaukewa ta dawo. Wata safiya ina hanyar zuwa karɓo magani, kira ya mutu, ba a jima ba saƙon Faransancin nan ya shigo. Na zauna ina kallonsa a cikin mota, na ji kamar ranar aka yi min rasuwar.

Nakan tambayi kaina me Sagir zai ce da ya ga yau. Na san wasu abubuwan za su burge shi. Ƙarafa sun ƙaru, wayoyi sun canza, dillalin shanu a kasuwar Maigatari yana nuna wa mai saye a Kudu bijimi a bidiyo kai tsaye. A tsakiyar Gumel sabis ya fi na zamaninsa nesa ba kusa ba. Amma ina jin zai ce duk wannan na wanda ke tsaye ne wuri ɗaya. Shi damuwarsa mai tafiya ce, wanda ke tsakanin gari da gari, a wurin da wannan ƙarfe ya ƙare wancan bai fara ba. Irin waɗannan wurare ba sa fitowa a allon ofis da kyau, domin mai kira ɗaya ne ko biyu a yini, kuma in kiransu ya yanke ba sa kai ƙara. Ba na jin zai yi fushi, ba halinsa ba ne. Zai nemi mota ne kawai. Abin da ke karya min zuciya shi ne na duba gabas da yamma ban ga wanda zai nemi motar ba.

A daminar bara aka kawo min wata mata mai suna Larai, matar wani manomi, cikinta na huɗu, ya kai wata tara. Jijjiga ta kama ta a gida tana tankaɗe. Na yi mata allurar da ke tsayar da jijjiga, muka sa ta a motar Malam Idi, ni da mijinta da ita, rana tsaka. Ba mu yi nisa ba ta sake kama ta, mai tsanani. Ga allura a hannuna, amma numfashinta ya yi ƙasa, kuma wannan magani in ya yi yawa a jikin mai irin wannan numfashi yana iya tsayar da shi gaba ɗaya. Na kira likita. Ya ɗauka, na faɗa masa, ya ce in ƙirga masa numfashinta a minti ɗaya. Ina cikin ƙirgawa muka shiga kwanar. Da na ɗago da amsar, babu kowa a layin.

Na sake kira, bai shiga ba. Na karɓi wayar mijin, ita ma ta tsallaka Nijar. Na cire safar hannu na shiga laluben inda ake zaɓar layi da hannu, abin da Sagir ya taɓa nuna min, wayar na ta juyawa tana nema. Malam Idi ya ce, “Hajiya, in tsaya ko in taka?” Na ce ya taka. Shawarar ta dawo kaina ni kaɗai, na yanke ba zan ƙara allurar ba. Sai da muka yi tafiya a kan titi kira ya shiga. Likita ya ce in ba ta rabi, na ba ta. Mun isa Gumel da ranta, amma ba ta farfaɗo ba. Ta rasu kafin magariba, abin da ke cikinta ma bai zo da rai ba.

Ba zan ce waya ce ta kashe Larai ba. Kwananta ne ya ƙare, kuma likitan da kansa ya ce min da wuya 'yan mintunan nan su canza wani abu, ciwon ya riga ya yi nisa tun daga gida. Na yarda da shi da rana. Amma “da wuya” ba “babu” ba ce, kuma ni ce na zauna da allura a hannu ba wanda zan tambaya. Da za mu rabu, mijin ya tsuguna ya ce min, “Malama, kin yi iya ƙoƙarinki, Allah ya saka da alheri.” Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Bayan kwana bakwai na ce ba zan yi shiru ba. Na kira lambar ƙorafi ta kamfanin, wata yarinya mai ladabi ta ce in kashe wayar in kunna. Na yi mata bayanin jerin maƙwabta da sunkuyar da eriya, kamar yadda na ji a bakin Sagir, ta ce ta rubuta, za a duba. Na je shagonsu a Gumel, suka ce su layi kawai suke sayarwa. Na nemo lambar wani tsohon abokin aikinsa, ya ce ya bar kamfanin tuntuni, amma ya tuna Sagir, mutumin kirki ne. Na rubuta takarda da hannuna, na zana hanyar da tafkin, ban san ma wa zan aika wa ba, tana nan a jakata. Abin da ƙanina ya yi wata huɗu yana nema daga ciki, ni ba ni da ko ƙofar da zan ƙwanƙwasa daga waje.

To me ya saura na Sagir? Na daɗe ina auna wannan, kuma ba na so in yi wa masu karatu ƙarya don rubutun ya ƙare da daɗi. Wanda ya gina masallaci ko ya haƙa rijiya, ana iya zuwa a taɓa abin da ya bari. Aikin Sagir lambobi ne a cikin na'ura, an rubuta wasu a kansu, babu ko alamarsu. 'Ya'yansa mata biyu suna Gagarawa tare da mahaifiyarsu da ta sake aure, mijin yana riƙe su da amana, amma ƙaramar ba ta tuna fuskarsa. Malam Idi ya tsufa, idonsa ya fara rauni, ya kusa ajiye tuƙi. Akwai matan da na kai Gumel a shekarun da hanyar ke lafiya, likita na kunnena tun daga ƙauye har ƙofar tiyata, 'ya'yansu yanzu suna firamare. Wataƙila a cikinsu akwai wadda ba don wannan ba da ba ta rayu ba. Ban san wacce ba, ita ma ba ta sani ba, kuma babu yadda za a yi a sani. Ina fatan Allah, wanda ba ya mantuwa, ya sa masa wannan a mizani, ya gafarta masa, ya haɗa shi da Inna da Baba a gidan rahama. A nan duniya dai, iyakar abin da na iya samowa ke nan.

Baɗi zan yi ritaya. An riga an turo wadda za ta karɓe ni, ungozoma ce ƙwararriya da ta yi shekaru tana aiki a wajen Sule Tankarkar. Makon jiya na ɗauke ta muka bi hanyar don ta san ta. Na nuna mata inda mota ke kafewa in an yi ruwa. Na ce mata in ta ɗauko mai haihuwa ta kira likita tun kafin a tayar da mota, ta fara da magana mafi muhimmanci, ta tambayi abin da za ta yi in abu kaza ya faru, ta rubuta a bayan hannunta, domin daga tafki zuwa titi ita kaɗai ce. Tana saurare tana gyaɗa kai, don a inda ta fito ma haka suke yi.

Da muka hau titi ta ce, “Yaya, dama can haka wurin nan yake?”

Na ce mata a'a, an taɓa yin shekara biyar ana magana tun daga ƙofar asibiti har cikin Gumel ba ta yanke ba. Ta dube ni da ladabi, irin duban da ake yi wa babba in ya faɗi abin da ba a yarda da shi ba amma ba a so a musa masa. Ta ce, “Ikon Allah.” Sannan ta ciro biro ta tambaye ni nisan tafkin daga titi.